Nukiliya sai an jira, rana kuwa ga ta bisa kanmu

Ƴan'uwana matasa, tun da aka sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a Yulin 2025 nake jin ana murna a fada, wai tashar nukiliya na tafe, ɗaukewar kuran ta ƙare. Ni ɗan Tama ne, kuma wallahi ban ga abin murna ba tukuna.

Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. Ya haska Faransa, mu aka bar mu da tocila. Da COMINAK ta rufe a 2021, ta bar mana tulin shara mai guba, wajen tan miliyan 20. Ba mu gama da wannan ba, sai mu tara sabuwa?

Ku dubi Masar. Ta sa hannu da Rasha a 2015, sai 2022 aka fara ginin, da bashin dala biliyan 25. Kuma a bakin teku take ginawa, don injin nukiliya sai da ruwa mai yawa yake hucewa. Mu ina tekunmu? Kogin Isa da ke janyewa duk bazara?

Ba na cewa mu zauna haka nan. Agustan 2023 da Najeriya ta katse mana wuta, kowa ya ji a jikinsa. Amma mai albasa a fadamar Majiya, wanda kuɗin esansin injin ban ruwa ke cinye ribarsa, ba zai jira shekara goma ba. Ungozomar da ke karɓar haihuwa da hasken salula ma haka. Ga Malbaza nan kusa: tun 2018 tashar hasken rana mai megawat 7 ke aiki. Me ya hana Buza, Kaita da Madawa samun irinta?

Za a ce rana ba ta aiki da dare, ƙurar hunturu kuma na rufe pano. Gaskiya ne. To amma ban ruwa da rana ake yin sa, tsumma na share ƙura, batir na ajiye wutar dare.

Duk wanda ya zo muku da zancen nukiliya, ku tambaye shi abu uku: nawa ne, yaushe za a gama, ina za a kai sharar? In ya fara kame-kame, ku tuna masa: ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.