FILIN MATA: Mu Ɗinka wa Kyandir Rigar Sallah

Ga Sallah ta ƙarato, teloli a nan Ƙofar Durbi sai kwana suke kan keke. Kowace ta karɓo ɗinkinta, kada ta bar ƙyallayen da suka ragu a shagon tela. Yau za mu yi aiki da su.

Iyayenmu sun yi zamani da fitilar aci-bal-bal da fitilar ƙwai. Mu kuwa, ran da aka ɗauke lantarki ga baƙi sun cika ɗaki, sau da yawa kyandir ne ke fid da mu kunya. Amma a ɗiga shi a bakin tebur ba kyan gani, ga haɗari. Abin da ya fi, a sa shi cikin tambulan, a yi wa tambulan riga.

Ga yadda ake yi. Ki sami tambulan mai kauri da faɗin baki, wanda ba shi da tsaga. Ki zuba rairayi kamar inci 1 a ciki, ki kafa guntun kyandir a tsakiya sosai, yadda harshen wutar ba zai taɓa gilas ba. Ki zagaya tambulan da zare don ki san faɗinsa, ki ƙara inci 1 saboda kalmasa. Tsawon ƙyallen kuwa ya tsaya inci 1 ƙasa da baki. Ki kalmashe gefe huɗu, ki sa sitaci, ki goge. Daga nan ki ɗinka maɓalli biyu da hancinsu, don a riƙa cirewa ana wankewa. Mai iya sulfatu ta yi 'yar fulawa a gaba. In kin yi riguna biyu ko uku, sai ki sa ɗaya ran Hawan Sallah, ɗaya ran Hawan Bariki, kalar atamfar da kika ɗaura.

To, sai dai ba kowane ƙyalle ba. Bara na ga wani ragowar leshi mai walƙiya, na ce wannan shi ne daidai. Na bar shi ya kai har baki. Iska ta kaɗa wutar, nan da nan ya narke ya manne mini a yatsa, tabon yana nan har yau. Saboda haka ki gwada tukuna. Ki zare zare ɗaya ki ƙona. In auduga ce, za ki ji ƙauri kamar na takarda, ta bar toka mai laushi. In roba ce, sai ya ƙanƙance ya zama ɗan baƙin ƙullutu mai tauri. Wannan a kai shi nesa da wuta. Audugar ma tana ci, shi ya sa muka ce a bar inci 1 ɗin nan.

Ki ajiye tambulan a kan faranti, nesa da labule da gidan sauro, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada ki bari kyandir ya cinye har ƙasa, kada kuma ki zuba wa gilas mai zafi ruwan sanyi, fashewa zai yi. Malamai sun hore mu da kashe fitila kafin barci, don ɓera kan ja lagwani ya ƙone gida. Duk wanda ya ga yadda babbar kasuwar Katsina ta zama bayan gobarar watan Maris na 2021 ya san wuta ba abokiyar wasa ba ce, balle da hunturu, komai a bushe. Rigakafi ya fi magani.

'Yan makaranta, wannan aikinku ne a hutun nan. Ku ɗinka wa Inna ko Goggo guda ɗaya, ku koya wa ƙannenku mata kalmasa. Wadda ta gwada, ta rubuto mana yadda ta kasance.

Allah ya kai mu Sallah lafiya. Sai mako mai zuwa.