Core i7: Ba girin-girin ba, ta yi mai

Makon jiya ɗan yayata ya yi mini sallama da hantsi, fuskarsa cike da fara'a. Ya shekara biyu yana tara kuɗi domin ya buɗe ɗan shagon tace bidiyon biki da suna, kuma a ranar ce ya ɗauko kwamfutar girke da ya saya a wani shago a cikin gari. Tun kafin ya zauna ya ce, "Kawu, Core i7 na samu, mai shagon ya ce babu ta biyunta." Muka jona ta da wuta, na buɗe shafin da ke nuna bayanan na'urar, sai ga lamba ta fito: i7-2600. Na ɗan yi shiru, domin na rasa ta inda zan fara gaya masa cewa ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin nan tun 2011 aka fitar da ita kasuwa, lokacin shi kansa yana firamare.

Mai shagon bai yi ƙarya ba, Core i7 ɗin ce. Rabin maganar kawai ya faɗa, ya bar rabin da ya fi amfani. Wannan ne ya sa a yau na ga ya kamata mu ɗan waiwayi tarihin kamfanonin da ke ƙera wannan ɗan ƙaramin abu da masu gyara ke kira furosesa, domin wanda ya san yadda suka yi ta kokawa da juna ba zai bari takardar da aka manna a jikin akwati ta ruɗe shi ba.

Kamfanoni biyu ne suka mamaye wannan fage a kwamfutocin girke, kuma duka a jihar Kalifoniya ta Amurka suke. Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa Intel a 1968, shi kuma Jerry Sanders da abokansa suka kafa AMD a 1969. Dukansu daga kamfani ɗaya suka fito, wato Fairchild. A 1971 Intel ya fitar da furosesa mai suna 4004, mai ɗauke da taransista 2,300. Na yau suna ɗauke da biliyoyi. Da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta ɗaiɗaikun mutane a 1981, furosesan Intel ya sanya mata, amma ya ƙi yarda ya dogara da mai kawo kaya guda ɗaya. Ta wannan ƙofa AMD ya samu izinin ƙera irin kayan Intel a 1982. IBM ya san abin da kowane ɗan kasuwa a Kwari ko Singa ya sani: duk ranar da dillali ɗaya ya rage maka, shi zai yanka maka farashi.

Shekaru da dama AMD yana bin sawu, yana sayar da kwatankwacin kayan Intel da rahusa. A 1999 ya fito da Athlon, kuma a watan Maris na 2000 ya riga Intel kai wa gigahaz ɗaya da 'yan kwanaki. Gigahaz ɗaya na nufin bugun agogon furosesa sau biliyan ɗaya a cikin daƙiƙa guda. A wancan zamani da wannan lamba ake talla, mai saye kuma ita kaɗai yake dubawa. Intel ya mayar da martani da Pentium 4, wanda aka tsara shi musamman domin lambar ta yi ta hawa. Ta hau ɗin, har ta kai gigahaz 3.8, daga nan ta cije. Zafi da cin wuta suka tare hanya, har kamfanin ya soke shirinsa na kai wa gigahaz 4 a 2004.

A nan ne darasi na farko yake. Mai karatu ya ƙaddara leburori biyu suna kwasar bulo a wurin gini. Na farko yana sassarfa, amma bulo ɗaya yake ɗauka a kowane sawu. Na biyu tafiyarsa a natse take, amma bibbiyu yake ɗauka. Idan magariba ta yi, tulin bulon ake ƙirgawa, babu mai tambayar sawu nawa aka yi. Haka furosesan AMD na lokacin yake, bugunsa bai kai na Pentium 4 ba, amma aikin da yake yi a kowane bugu ya fi yawa. A 2003 kuma AMD ya fito da Athlon 64, da tsarin da ya ba kwamfuta damar amfani da ma'adanar wucin-gadi mai girma, wadda ake kira RAM. Tsarin ya karɓu har Intel ya bi sahu, kuma shi ne ginshiƙin kusan duk kwamfutar Windows da ke gabanmu a yau.

Sai dai kyawun kaya daban, samun kasuwa daban. A 2009 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Intel tarar Yuro biliyan 1.06, bisa zargin yana yi wa manyan masu haɗa kwamfuta rangwame da sharaɗin su sayi duka ko kusan duka kayansu a wurinsa. A shekarar ce kuma Intel ya biya AMD Dala biliyan 1.25 domin a kashe shari'o'in da ke tsakaninsu. Adalci ne a ambaci cewa wata kotun Turai ta soke waccan tara a 2022, daga baya hukumar ta sake yanka masa Yuro miliyan 376 a kan wani sashe na tuhumar.

Kafin a gama wannan taƙaddama ma Intel ya riga ya gyara kuskurensa. A 2006 ya yi watsi da tsarin Pentium 4, ya fito da Core 2 Duo, wanda ya haɗa sauri da ƙarancin cin wuta. AMD kuwa ya ci bashi ya sayi kamfanin ATI, ya rabu da masana'antunsa na ƙira a 2009, sannan a 2011 ya fito da wani tsari mai suna Bulldozer wanda bai yi abin kirki ba. Hannun jarinsa ya faɗi har ƙasa da Dala biyu, mutane suka fara yi masa kallon gawa.

Abin da ya biyo baya shi ne darasi na biyu, kuma shi ya fi damuna. Da abokin karawa ya kwanta, Intel ya ci karensa babu babbaka. Furosesa na zamani yana da cibiyoyin aiki fiye da ɗaya a cikinsa, wato kamar a ce leburorin nan an ƙara musu yawa. Tun 2007 Intel ya kawo mai cibiya huɗu, kuma har farkon 2017 mafi girman abin da yake ba mai saye na gama-gari cibiya huɗun nan ce. Duk shekara sai a sauya lamba, a ɗan ƙara sauri kaɗan, farashi yana nan inda yake. Wanda ke son cibiya shida ko takwas sai ya shiga wani aji mai tsadar gaske.

A watan Oktoba na 2014 injiniya Lisa Su ta karɓi ragamar AMD. A watan Maris na 2017 kamfanin ya fitar da Ryzen, wanda babbansa ke da cibiya takwas a kan Dala 499, alhali takwaransa na Intel ya haura Dala dubu. Kafin shekarar ta ƙare Intel ya fito da zubi na takwas na Core, mai cibiya shida. Abin da ya gagara shekara goma sai ga shi ya yiwu cikin wata bakwai. Ga mai saye, gaba ta kai shi, gobarar Titi.

Tun daga nan Intel bai huta ba. Ya daɗe yana fama da jinkiri wajen ƙanƙanta taransistocinsa, yayin da AMD ya miƙa ƙirar kayansa ga kamfanin TSMC na Taiwan, wanda ya yi gaba a wannan fanni. A 2020 Apple ya fara sallamar Intel daga kwamfutocinsa, ya koma amfani da nasa furosesan mai suna M1. A 2024 aka gano matsala a wasu manyan furosesoshin Intel na zubi na 13 da na 14, har kamfanin ya ƙara wa'adin garantinsu da shekara biyu. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta mallaki kusan kashi goma cikin ɗari na kamfanin. Sarki goma, zamani goma.

Ba na cikin masu murna da wannan hali da Intel ya shiga. Idan ya durƙushe, AMD ba waliyyi ba ne, abin da Intel ya yi mana a shekarun baya shi ma zai yi. Ga kuma wani haɗari da ya fi wannan: AMD da Apple da Nvidia duk a wurin TSMC ake ƙera mafi ingancin kayansu, a tsibiri guda da China ke iƙirarin nata ne. Shawarar da IBM ya yanke a 1981 har yau ba ta tsufa ba.

Mu dawo kan ɗan yayata. Yawancin kwamfutocin girke da ke shagunanmu kwance ne na ofisoshin Turai da Amurka, saboda haka tarihin nan da na zayyana shi ne jere a kan kantocinmu. Sunan i3 ko i5 ko i7 aji kawai yake nunawa a cikin zubi guda. Zubin kuwa yana cikin lambar da ke biye: 2600 zubi na biyu ne, 8500 na takwas, 12100 na goma sha biyu. Core i5-8500 na 2018 yana da cibiya shida kuma an ƙayyade masa wat 65, shi kuwa i7-2600 cibiya huɗu gare shi da wat 95. Na farkon ya fi sauri, ya fi sauƙin wuta, abin da duk mai aiki da janareta ko sola ya san darajarsa. Bugu da ƙari, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na takwas na Intel take farawa, ko Ryzen jerin 2000 zuwa sama. Wanda ya sayi abin da ke ƙasa da haka ya sayi na'urar da masu ita suka riga suka yi wa ritaya.

Wannan magana ta wuce ta yaro ɗaya da shagonsa. Makarantu da cibiyoyin jarrabawa da ofisoshi suna sayen kwamfutoci da yawa a lokaci guda. Duk takardar kwangilar da aka rubuta "Core i7" kawai a cikinta, babu cikakkiyar lamba, an buɗe wa ɗan kwangila ƙofar kawo kayan shekara goma sha huɗu da suka wuce, kuma babu mai iya kama shi da laifi. A rubuta lambar duka, a rubuta girman RAM, a sharɗanta ma'adanar SSD maimakon tsohuwar mai faifai, sannan a bar ƙofa a buɗe ga kwatankwacinsa na AMD, domin gasar da ta amfani duniya mu ma ta amfane mu.

Washegari muka koma shagon tare. Mai shagon mutumin kirki ne, bai yi gardama ba, ya karɓi kayansa, yaron ya yi ciko ya ɗauki mai i5-8500. A hanya yana ta jinjina yadda biyar ta fi bakwai. Na ce masa ya bari sai ya tace bidiyon farko, sannan ya zo mu yi maganar. Ya zo ɗin shekaranjiya, da ɗan ƙullin goro a hannunsa.

Allah Ya sa mu dace.