A Riƙa Cajin Keken Lantarki Da Rana Tsaka

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan babura da keke-napep masu aiki da batir, waɗanda suka fara shigowa garuruwanmu.

Tun da Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ke neman gagarar talaka. Shi ya sa aka yi murna da gwamnatin Borno ta fito da motocin haya masu lantarki a Maiduguri a ƙarshen shekarar. To amma da wace wuta za a riƙa cajin irin waɗannan abubuwan hawa, kuma da yaushe?

In direba ya bari sai ya tashi aiki bayan magariba sannan ya jona, ya faɗa daidai lokacin da kowane gida ya kunna fanka da talabijin, taransifoma tana nishi. In aka ɗauke wuta kuma sai a tayar da janareta. Ka ga an gudu ba a tsira ba ke nan, an koma sayen fetur ɗin dai.

Alhali kuwa wutar sola daga hantsi zuwa la'asar take da ƙarfi. Farantin ba ya ajiye komai. Abin da ba a sha a lokacin ba, ko dai a sayi batir mai tsada a tara shi, ko ya tafi a banza. To ai batirin keken nan shi ma rumbu ne, me zai hana a cika shi tun rana na sama?

Wani zai ce ai da rana ake neman na abinci. Gaskiya ne. Amma da azahar fasinja kan yi ƙaranci, direbobi su tsaya salla da cin abinci. Wanda ba zai iya jira ba kuwa, sai ya ajiye batirin da ya ƙare ya karɓi cikakke ya wuce.

Saboda haka ina kira ga gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin direbobi su kafa rumfunan caji na sola a tashoshin mota da bakin kasuwanni, har da kasuwannin ƙauye. Masu wuraren kuma su sa kuɗin cajin rana ya fi na dare sauƙi. Direba da kansa zai bi araha ba sai an tilasta masa ba, mu kuma masu ɗauko kaya mu ga sauƙin kuɗin mota.

Allah Ya sa masu abin su ji, amin.

Naku,
Wani ɗan tireda,
Kano.