Hayaƙinmu Kaɗan Ne, Amma Kada Mu Yi Saurin Murna

Idan kana leƙa Facebook ko X, da wuya ba ka taɓa cin karo da jadawalin nan da ake jera ƙasashe bisa yawan hayaƙin kabon da suke fitarwa ba. Ba'amurke ɗaya yana fitar da kusan tan 14 a shekara, ɗan Chaina sama da tan 8, ɗan Najeriya kuwa bai kai tan ɗaya ba. Afirka gaba ɗaya ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Sai ka ga 'yan uwa suna ta sharhi: "To mu ina ruwanmu? Su suka ɓata, su gyara." Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba ce.

Mu ɗauki abinci. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Food a 2021 ya nuna kusan kashi ɗaya bisa uku na iskar da ke ɗumama duniya daga harkar abinci take fitowa. Wani ɓangare na ciki makamashi ne: man tarakta, masana'antar sarrafawa, motocin dako, firij da murhu. A Amurka da Turai, nama da madara ba sa fita daga sanyi tun daga gona har kicin, kuma wutar da ke riƙe sanyin nan tana da nata hayaƙin.

Yanzu ka kalli Zandam a ƙaramar hukumar Gwaram, da ƙauyukan Birnin Kudu. Har gobe da fartanya da garmar shanu ake noma mafi yawan gero, dawa da riɗi. Gida nawa ne ke da firij mai samun wuta? Ka ga ke nan lambarmu ta yi ƙasa ne don ba mu da makamashin, ba don mun ƙirƙiro wata dabara ba. Wanda bai da mota ai ba zai yi alfaharin bai taɓa yin gudun wuce sa'a ba.

Sannan akwai abin da jadawalin ba ya nunawa sosai. Itacen da iyayenmu mata ke dafa tuwo da turara shinkafa da shi, galibi ba a sa hayaƙinsa a lissafin makamashi, alhali daji yana ƙarewa, idanunsu da ƙirjinsu suna biyan kuɗin. Injin niƙa da injin ban ruwa na noman rani, fetur da gas suke sha. Tumatir kuma yana hawa tirela ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 a Legas cikin kwando, ba sanyi, ya ruɓe a hanya. Duk kwandon da ya ruɓe, man da aka ƙona wajen ban ruwansa da dakonsa ya tafi a banza.

Shi kuma sauyin yanayi ba ya duba jadawali kafin ya zo. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Mu muka fi ƙarancin hayaƙi, mu ne kuma gonakinmu suke nutsewa.

Don haka ra'ayina shi ne mu daina amfani da lambar nan wajen kare kai, mu mayar da ita hujjar neman haƙƙi. A taron COP26 na Glasgow a 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060. A COP27 na Masar a 2022 aka amince da asusun tallafa wa ƙasashen da sauyin yanayi ya yi wa ɓarna. Tambayar ita ce, me zai iso Gwaram? Muna buƙatar ƙarin makamashi a harkar abinci, ba ragi ba, amma mai tsafta: injin ban ruwa na sola, ɗakin sanyi a manyan kasuwanni irin ta Sara, da murhu mai cin ice kaɗan. Ba mafarki ba ne, kamfanin ColdHubs ya daɗe yana kafa ɗakunan sanyi na sola a kasuwannin ƙasar nan. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ma, lissafin aljihu kaɗai ya isa ya sa manomi ya kalli sola.

Ɗan uwa, 'yar uwa, in jadawalin nan ya sake zuwa wayarka, kada ka tsaya a tura shi. Ka tambayi kansilanka da ɗan majalisarka: injin sola nawa aka sa wa mazaɓarmu a kasafin bana, kuma wa ya karɓa?