Baka Mai Gargare Da Makomar Maharban Auyo

Sanin kowa ne cewa kwari da baka tsofaffin makamai ne a ƙasar Haɗeja. Kowane maharbi a Auyo ya san cewa idan ya ja tsirkiya ya daɗe yana saiti, hannunsa yakan kama rawa. Dalili kuwa shi ne tsokokin kafaɗa da na baya suna gajiya, domin a ƙarshen ja ne bakan gargajiya ya fi nauyi.

Wani Ba'amurke, Holless Wilbur Allen, ya magance wannan matsala da baka mai gargare a bakinsa, wanda aka yi masa rajista a 1969. Idan ja ya kai ƙarshe, gargaren yakan ɗauke kimanin kashi 70 cikin 100 na nauyin. Alal misali, a baka mai nauyin ja kilo 20, kilo 6 kacal maharbi zai riƙe. Amma dole tsawon ja ya dace da hannun mai shi, taurin kibiya kuma ya dace da ƙarfin bakan, in ba haka ba ta tafi tana lilo.

Ana gasar wannan baka daga nisan mita 50, kuma zai shiga wasannin Olamfik a 2028. Tun da namun daji sun ragu a fadamun Haɗeja, ya kamata makarantu da masarauta su buɗe fagen harbin allo. Ta haka dabbobi za su huta, gwanintar kakanni kuma ba za ta bi su kabari ba.