ME KA SAYO A MALTA?

Yau ina so ne in amsa wata tambaya da mahaifina ya yi mini tun ranar da na dawo daga tsibirin Malta a watan Oktoba na 2024, wadda a lokacin na kasa ba shi amsa, sai sunkuyar da kai na yi.

Baba dai bafataken goro ne, ya fi shekara 30 yana lodi daga Shagamu zuwa Kano, mu kuwa a nan Agege aka haife mu. A wurinsa tafiya iri uku ce kawai: ta fatauci, ta aikin Hajji, sai ta neman magani. Duk wadda ba ta cikin ukun nan sunanta yawon banza. To da na shigo gida da 'yar jakata bayan kwana 6, ya dube ni ya dubi jakar, sai ya ce, "Kai yanzu me ka sayo?" Na ce, "Baba, ai hutu na je wajen Yaya." Ya ce, "Hutu? Kabari aka fasa haƙawa?" Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Ni a ganina Baba yana da gaskiya rabi. Wanda zai ci bashi, ko ya taɓa jarinsa, don kawai ya ɗauki hoto a bakin teku ya nuna wa abokai, wannan ya yi asara. Ni sai da na shekara 2 ina adashi daga cinikin caja da murfin waya, kuma ɗan baffana da ke aiki a wani otal a can shi ya ba ni masauki. Kuɗin bizar Turai kaɗai yuro 90 ne tun watan Yuni na 2024, ban da jirgi, wanda sai da ya biya da mu ta Istanbul. Amma inda muka rabu da Baba shi ne, ni na yarda mutum zai iya sayo abin da ba ya shiga jaka. Na zaune bai ga gari ba.

Malta 'yar ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar tekun Bahar Rum, faɗinta murabba'in kilomita 316, tana kudu da tsibirin Sisili na Italiya da kimanin kilomita 90, Libiya kuma na kudu da ita. Tsibirai 3 ne ake zaune a kansu: Malta, Gozo da Komino. Ingila ce ta mulke su kamar mu, mun samu 'yanci a 1960, su a 1964. Shi ya sa kusan kowa yana jin Turanci, kuma soket ɗin bangonsu irin namu ne mai baki uku, cajata ta shiga ba gardama. Sai dai har yau a hannun hagu suke tuƙi, hannun da mu muka bari tun 1972, don haka a kula wajen tsallaka titi.

Abu na farko da zan ce wa mai niyya ya yi shi ne ya buɗe kunnensa. Washegarin zuwana ina cikin bas sai na ji wata tsohuwa ta ce wa 'yar'uwarta wani abu kamar "Lerba". Na tambayi Yaya, ya yi dariya ya ce ai Laraba take nufi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ashe Alhamis a wurinsu Hamis ce, Juma'a kuma Jima, hamsin da sittin kuwa yadda muke faɗa haka suke faɗa. Dalili shi ne Larabawa sun ci tsibirin a shekarar 870, kuma harshen Malta daga Larabci ya tsiro, ko da yake da baƙaƙen boko ake rubuta shi. Mutanen yawancinsu Kiristoci ne 'yan Katolika, amma a cocinsu Alla suke kiran Ubangiji, azuminsu kuma Randan. Mu kalmomin nan ta sahara suka zo mana a bakin malamai da fatake, su kuma ta teku suka je musu. Na yi sakandare shekara 6, babu malamin da ya taɓa gaya mini haka.

Abu na biyu, a je kasuwa. Ran Lahadi da sassafe ake cin kasuwar kifi a Marsashlok, wani gari na masunta a kudancin tsibirin. Kwale-kwalensu fentin shuɗi da rawaya da ja ne, an zana wa kowanne idanu biyu a goshi. Na tarar da kakar wani kifi da suke kira lampuki, wanda ake kamawa daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba. Ni ɗan kasuwa ne, sai na tsaya ina kallon yadda ake ciniki: farashi a rubuce a kan allo, kifi a kan ƙanƙara, babu mai jan rigarka. Duk wanda ya san Mile 12 zai gane abin da ya sa na daɗe a tsaye. A nan na ci burodinsu da ake shafa wa tumatir da man zaitun a zuba kifi a ciki, shi ne abincin da ya fi kwantar mini da hankali. Babban abincinsu naman zomo ne, amma sau da yawa da giya ake dafa shi, don haka Musulmi ya tambaya kafin ya kai loma.

Na uku, garuruwa masu ganuwa. Baleta, babban birnin, an fara gina ta a 1566, shekara guda bayan rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta yi wa tsibirin ƙawanya ta kasa cin sa. Da ƙafa ake zagaya ta, kuma akwai wani lambu a kan ganuwa mai suna Barrakka inda ake hango tashar jiragen ruwa gaba ɗaya, a ƙasansa ake buga igwa da ƙarfe 12 na rana. Amma ni Imdina ta fi shiga raina, wato tsohon babban birnin, wanda sunansa ma daga kalmar madina ya fito. Lunguna ne ƙanana masu lanƙwasa, motoci kaɗan ake bari su shiga, shiru kamar bayan sallar Isha'i. Wanda ya taɓa ratsa cikin birnin Kano ta wajen Kurmi zai ji kamar ya san wurin.

Na huɗu, a tsallaka Gozo. Jirgin fito minti 25 ne kacal. Can akwai ginin Jigantiya, wanda aka ɗora da manyan duwatsu wajen shekara 3600 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya girmi dalar Masar. Akwai kuma ramukan gishiri da aka sassaƙa a jikin dutse a bakin teku, rana ta busar da ruwan a kwashe gishirin da rani. A gidan tarihin Gozo na ga dutsen kabarin wata baiwar Allah mai suna Maimuna wadda ta rasu a 1174, an rubuta shi da Larabci. Sunan ƙanwata ke nan. Na tsaya na yi mata addu'a. Wanda kuma ya ga hoton wata babbar taga ta dutse a cikin teku ya ce ita zai je gani, ya haƙura, ta rufta tun watan Maris na 2017. Shi kuwa shuɗin ruwan nan na Komino da kowa ke ɗauka a hoto, yana da kyau ƙwarai, amma cunkoso ya sa tun 2025 sai ka yi rajista ta intanet kafin ka sauka.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba ya cikin takardun 'yan yawon buɗe ido. Ran Juma'a mun je masallacin Pawla, wanda Gaddafi ya aza harsashinsa a 1978. A sahu na ji ana Hausa. Samari ne daga Nijar da Ghana da Najeriya, wasunsu ta Agadas da Libiya suka bi suka hau ruwa. Bayan sallah ɗaya daga cikinsu ya nuna mini hanyar babbar maƙabartar garin, inda aka binne gawa 24 daga cikin ɗaruruwan mutanen da jirginsu ya kife a watan Afrilu na 2015. Ruwan da na biya kuɗi na yi wanka a cikinsa, shi ne ya ci su. Na tambaye shi ko zai ba ƙaninsa shawara ya biyo hanyar, sai ya girgiza kai ya ce ko maƙiyinsa ba zai ba shawarar ba.

To wannan ita ce amsata, Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Na sayo sanin cewa harshenmu yana da dangi har tsakiyar teku. Na sayo allon farashi, wanda yanzu yana rataye a shagona kuma ya rage mini ciwon baki. Sannan akwai yara 2 a layinmu da ke tara kuɗin bin sahara, na zaunar da su na gaya musu abin da na gani da idona, ɗaya ya fasa, ɗayan har yanzu muna kan magana. Ku taya ni da addu'a a kansa.

Wanda Allah ya hore wa, kuma kuɗin nasa ne na halak ba na jari ba, ya je ya gani. Sai dai ya tafi da kunne da ido, kada kyamara kaɗai ya ɗauka. Allah ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci. Sai mun sake haɗuwa.

Naku,
Ɗan mai goro, Agege, Legas.