ZAUREN ƊALIBAI: Ingilishin Kasuwa Daban, Na Jarrabawa Daban

Da yake a nan wasu in sun ce Turanci Faransanci suke nufi, mu Ingilishi za mu riƙa cewa.

Damuwarmu a wannan wata ita ce 'yan ajin ƙarshe na ƙaramar kwaleji, masu fuskantar BEPC. Yaron Zongo a Parakou ko Djougou yana shiga aji da tunanin ya riga ya iya Ingilishi, don kawunsa na zuwa Nijeriya ta Nikki da Chikanda, shi ma ya tsinci kalmomi a tasha da kasuwar Arzeke. To, wannan broka ne. Yana sayar da kaya, amma mai gyaran takarda ba ya ba shi maki. Mun sha ganin yaro mai bakin magana ya tashi da 6 bisa 20, ɗan uwansa mai shiru-shiru ya ci 14.

Babban ramin kuwa Faransanci ne ya haƙa shi. Akwai kalmomin da suka yi kama a harsunan biyu, ma'ana ta sha bamban. "Library" ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba kamar "librairie". Kantin "bookshop" ne. "Attend" halarta ne, ba jira ba. "Actually" na nufin a gaskiya, ba a halin yanzu ba. Wanda ya fi ba mu ciwon kai shi ne shekaru. Bahaushe ya ce ina da shekara 15, Bafaranshe ya ce "j'ai 15 ans", harsuna biyu sun haɗa kai suna tura yaro ya rubuta "I have 15 years". Kuskure ne. "I am 15 years old" ake cewa. Ku rubuta shi a bangon kaye.

Sai "p" da "f", ciwon da muka gada. Mai faɗin "full" a wurin "pull" haka zai rubuta shi. Ku kara takarda a bakinku: in kun furta "p" daidai, za ta motsa.

Game da karin magana, kada ku fassara tamu kalma da kalma. Mu muna cewa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Bafaranshe ya ce igiyoyi ne ke zuba, Baturen Ingila ya ce "it is raining cats and dogs". Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu; nasu shi ne "once bitten, twice shy". Guda ɗaya da kuka tabbatar da ita ta isa a insha'i. Akwai wanda ya jera mana biyar a layi goma, ba ɗaya da ta zauna a gurbinta.

Ranar jarrabawa, ku karanta labarin sau biyu kafin ku taɓa biro. In an ce ku rubuta wasiƙa, ku sa kwanan wata da gaisuwa da sa hannu. Ku taƙaita jimloli, ku bar minti 10 na ƙarshe don farautar "s" ɗin da ke ɓacewa a "he goes" da "she reads".

Aikin gida: layi takwas a kan ranar kasuwa a unguwarku. Ku miƙa wa malaminku na Ingilishi, mu kuma a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko fi'ilan nan masu taurin kai irin su "go, went, gone".